Wane bakin teku ya fi a tsibiran Bahar Rum: na iyo, na leƙen kifi da na shan rana?

Tambaya: Wani ɗan'uwa mazaunin Ingila ya rubuto cewa shi da uwargida da yara biyu suna so su yi hutu a ɗaya daga cikin tsibiran Bahar Rum. Shi ya iya iyo daidai gwargwado, uwargida ba ta iya ba, yaran kuwa a makaranta suka koya, ba su taɓa shiga teku ba. Yana neman inda za a yi iyo, a sa tabarau a leƙa kifi, a kuma kwanta a sha rana bayan dogon sanyi. Hutun yaran ko dai Agusta ne ko ƙarshen Oktoba.

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Abubuwa uku ka ɗaure da igiya ɗaya, kuma ba kasafai su ukun suke haɗuwa a bakin ruwa guda ba. Wurin da ya fi daɗin kwanciya da wasan yara shi ne mai lallausan rairayi, wanda za ka yi ta tafiya cikin ruwa bai wuce ƙugunka ba. To irin wannan wurin, in ka sa tabarau ka leƙa, abin da za ka gani rairayi ne da ƙafafun mutane. Kifi ba ya zama inda babu abinci babu maɓoya. Mazauninsa gindin duwatsu ne da cikin ciyawar teku, can kuma babu wurin shimfiɗa tawul, ruwa yana zurfi nan da nan, ga bushiyar teku, wato baƙin ƙwallon nan mai ƙaya, a maƙale cikin kowane rami. Shi ya sa a wannan aiki namu na koyar da iyo da nutso, abin da nake fara gaya wa baƙo shi ne ya daina bin sunan da yake tashe, ya nemi siffa: ɗan lungun teku mai rairayi a tsakiya da duwatsu a gefe biyu, wanda ya juya wa iskar ranar baya. Uwargida da yara su zauna a tsakiya, kai ka bi gefen dutse.

In gajeriyar amsa kake so: in Oktoba ne, Saifurus, ɓangaren Protaras. In Agusta ne, Minorka ta Sifaniya. Sardiniya ta Italiya ta fi su duka kyau a idona, amma wurarenta na ƙwarai sai da ƙafa mai ƙarfi ko da jirgin ruwa. In da kai kaɗai ne kuma kifi zalla kake nema, da Gozo ta Malta ko Ustica ta Italiya zan tura ka.

Ya kamata ka san irin ruwan da za ku shiga. Bahar Rum kusan rufaffen teku ne. Ƙofarsa zuwa Atilantika, mashigin Jibralta, faɗinsa wajen kilomita 14 ne a inda ya fi matsewa. Ruwan da zafin rana yake kwashewa ya fi wanda koguna da ruwan sama suke zubawa, don haka gishirinsa ya yi yawa: wajen giram 38 a lita ɗaya, a gabas har 39, alhali na Atilantika wajen 35 ne. Amfaninsa gare ku jiki ya fi saurin tasowa sama. Illarsa kuwa, yaro in ya shiga idonsa sai kun yi lallashi. Hasken ruwan nan da ake yabo, talauci ne ya kawo shi: ƙananan halittun da suke sa teku ya yi kore ba su da yawa a cikinsa, kuma dalilin ke nan kifinsa bai kai na Bahar Maliya yawa da launi ba. In hotunan murjanin Masar ne a ranka, rage buri tun daga gida. Sai kuma wani sauƙi da mazaunin Ingila zai yaba: cika da janyewar teku a nan bai fi taƙi ɗaya ko biyu ba a galibin wurare, inda ka ajiye tawul da safe nan za ka same shi da yamma.

Akwai wata ciyawa da za ka riƙa gani baƙa-baƙa a ƙarƙashin ruwa, masu ilimi suna kiranta posidonia. A Bahar Rum kaɗai take fita a duk duniya, kuma tsiro ce sosai mai saiwa da fure, tana kaiwa zurfin wajen mita 40 inda ruwa yake da haske. Ita take riƙe rairayi kada ya tashi ya gurɓata ruwa, a cikinta kuma 'ya'yan kifi suke girma. Baƙi da yawa suna gudunta, suna kuma ƙyamar busasshen ganyenta da igiyar ruwa take tarawa a gaɓa, suna zaton datti ne. Ba datti ba ne, shi yake kare rairayin gaɓa daga zaizaya lokacin sanyi. Kai dai in ka ga inda ciyawar ta yi iyaka da farin rairayi, ko da dutse, bi wannan layin a hankali. Nan za ka ci karo da salpa, kifi mai ratsin zinariya a kwance daga kai zuwa wutsiya, su ɗari ko fiye suna tafe suna tsinkar ganye kamar garken awaki a makiyaya, in ka matso su ɗan gusa, ba sa watsewa. Sama da duwatsu akwai wasu ƙananan baƙaƙe masu wutsiya a rabe da suke tsayawa cak a tsakiyar ruwa. 'Ya'yansu, waɗanda ake gani a ƙarshen bazara cikin tsagar dutse, shuɗi ne fat har yana ɗaukar ido. Akwai farin kifi mai baƙin ɗigo a gindin wutsiya da yake zagaya ƙafafun mutane. In kuma ka ga tarin fankon kwanson ruwa da 'yan duwatsu an jera a bakin wani rami, tsaya ka zuba ido: gidan oktofus ne, dabbar nan mai hannu takwas, sau da yawa idonta kawai za ka gani yana kallonka.

Abin da yake ɓata wa mutane hutu fiye da komai iska ce. Bakin tekun da ka gani a hoto kwance lumui, in iska ta fuskance shi sai ya zama ruwan kunu mai igiya, an kafa jar tuta. Kowane yanki da tasa. A Sardiniya da Kosika maestrale ce daga arewa maso yamma, takan yi kwana biyu ko uku tana kaɗawa. A Minorka tramontana ce daga arewa. A tsibiran Girka na tekun Ejiyan meltemi ce, ita ma daga arewa, kuma Yuli da Agusta ne lokacin ƙarfinta, har takan hana jiragen fito tashi. Daga kudu akwai shirokko, mai tasowa daga Sahara da zafi da ƙura. Saboda haka tsibirin da ya fi dacewa da hutun mako guda shi ne wanda za ka iya ƙetare shi da mota cikin ɗan lokaci, ka gudu daga iska zuwa ɗaya gefen.

Wannan ne ya sa na ce Minorka. Tsawonta bai kai kilomita 50 ba, daga gaɓar arewa zuwa ta kudu kuma tafiyar mintoci ce. Mutanen tsibirin ƙa'idarsu ɗaya: iskar arewa, a tafi kudu, iskar kudu, a tafi arewa. UNESCO ta sa ta cikin yankunan da ake kare halittunsu tun 1993, shi ya sa ba a cika gaɓarta da dogayen otal ba irin na maƙwabtanta. Gaɓar kudu farin dutse ne da ruwa ya ƙwaƙule ya yi lunguna, kowanne da farin rairayi a ciki da itatuwa har bakin ruwa, wato daidai siffar da na faɗa maka. Ku sauka a Cala Galdana: lungu ne babba mai zagaye, ruwa marar zurfi, akwai masu ceto, akwai shaguna da makewayi. Daga nan da ƙafa za ku kai Cala Mitjana a gabas ko Cala Macarella a yamma, kowacce wajen rabin awa ko ɗan fiye, ta tsohuwar hanyar dawakai mai suna Camí de Cavalls, wadda ta zagaye tsibirin duka tsawon kilomita 185. A Macarella ka bi gefen dama wajen ƙanwarta Macarelleta, duwatsun da suke tsakaninsu akwai kifi, sai dai ka lura da jirage masu shiga da fita.

Ranar da iska ta juya ko ta kwanta, ku tafi arewa. Can ƙasar ja ce, ba inuwa, kuma tun 1999 aka kafa yankin da aka taƙaita kamun kifi, don haka kifin ya fi girma ya fi yawa. Cala Pregonda ita ce sarauniyar wannan gefe: jan rairayi, 'yan tsibiran dutse a gabanta suna tare igiyar ruwa, tafiyar ƙafa ta wajen rabin awa daga Binimel·là. Ku ɗauki ruwan sha da lema. Don uwargida kuwa, Es Grau: za ta yi nisa cikin ruwa bai kai mata ƙirji ba. Abu ɗaya da ba zan ɓoye maka ba, a Agusta duk waɗannan wurare cike suke. Wuraren ajiye mota na lungunan kudu sukan cika tun da hantsi, Macarella ma a tsakiyar bazara bas ake hawa daga Ciutadella. Wanda ya isa ƙarfe takwas ya ga wuri daban da wanda ya isa sha biyu.

Formentera, ƙaramar da take kudu da Ibiza, ita ce mai ruwan da ya fi ko'ina haske a tsibiran Sifaniya, albarkacin filayen ciyawar nan da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999. Ba ta da filin jirgin sama, sai jirgin fito na wajen rabin awa daga Ibiza. Ses Illetes tana da kyau ƙwarai don iyo da kwanciya, amma tsada ta yi mata yawa, kuma a gaɓoɓin tsibirin da dama zama tsirara abu ne da aka saba. Tun da da iyali za ka, ka san da wannan. A Macarelleta ma akan samu. In kun je, kada wani ya ruɗe ka ka ce za ka ƙetara da iyo daga ƙarshen Illetes zuwa tsibirin Espalmador. Yana kusa a ido, amma mashigin yana da jan ruwa. Mayorka kuwa, Playa de Muro da Alcúdia suna da kyau ga yara, dogon rairayi ne marar zurfi, sai dai babu abin leƙawa.

Sardiniya wata duniya ce. A gaɓarta ta gabas, a mashigin Orosei, duwatsu ne masu tsayin ɗaruruwan mita suke faɗowa kai tsaye cikin teku, babu hanyar mota. Cala Goloritzé, wadda zaizayar dutse ta haifar a 1962, sai dai ka sauko da ƙafa daga tudun Golgo da yake sama da garin Baunei, wajen awa ɗaya da rabi, hawan dawowa kuma ya fi haka cikin zafi. Akwai wani tsinin dutse mai tsayin mita 143 a tsaye a kanta. Mutum 250 ake bari, sai an yi rajista an biya, kuma ba a barin jirgi mai inji ya iso gaɓa. Cala Mariolu ta fi sauƙi, jirage suna kai mutane daga Cala Gonone da Santa Maria Navarrese da Arbatax. Ba rairayi ba ne a can, ƙananan fararen tsakuwa ne, shi ya sa ko an cika ruwan ba ya gurɓacewa. Manyan duwatsun da suka gangaro cikin ruwa su ne wurin leƙe, kuma kifin wurin ya saba da mutane. Kada ka firgita in kana iyo ka ji ruwa ya yi sanyi ƙalau farat ɗaya: maɓuɓɓugan ruwan daɗi ne suke fitowa daga ƙarƙashin dutse. Matsalar wurin ga iyalinka ita ce taku uku ko huɗu ruwa ya shanye mutum, kuma da rana ta karkata inuwar dutse takan rufe gaɓar, mai neman rana ya tashi.

Wadda ta dace da uwargida a Sardiniya ita ce La Pelosa a Stintino, can arewa maso yamma: ruwa iya gwiwa har nesa, da tsohuwar hasumiya a kan wani ɗan tsibiri. Cunkoso ya kusa cinye ta, har hukuma ta ƙayyade mutum 1,500 a rana lokacin bazara, da tikiti, kuma dole a shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin tawul don kada a kwashe rairayi. Ba a fafe gora ranar tafiya, a yi rajista tun da wuri. Ka kuma ja wa yara kunne: dokar Sardiniya ta 2017 ta sa tarar yuro 500 zuwa 3,000 ga wanda ya ɗebi rairayi ko tsakuwa ko kwanso, kuma ana bincike a filayen jirgi da tashoshin ruwa. Gaɓar nan mai launin hoda ta tsibirin Budelli, ɗiban baƙi ne ya sa aka rufe ta tun shekarun 1990, yanzu sai kallo daga nesa.

Kosika ta Faransa ce. Palombaggia da Santa Giulia da Rondinara kusa da Porto-Vecchio duka suna da kyau, tsibiran Lavezzi kuma suna cikin wuraren leƙe na gaba-gaba. Na ambace ta ne musamman saboda suturar uwargida. A 2016 wasu garuruwan Faransa sun hana rigar iyo mai rufe jiki, ciki har da Sisco a Kosika, kafin babbar kotun harkokin mulki ta ƙasar ta dakatar da irin wannan doka a garin Villeneuve-Loubet. A gaɓoɓin Sifaniya da Malta da Girka da Saifurus mata suna shiga da ita, abin da ya fi yawa shi ne kallo. Abin da ya fi damuna ni ba doka ba ne, yadi ne. Kada ta shiga teku da abaya ko zani ko doguwar rigar auduga. Suna shan ruwa su yi nauyi su naɗe ƙafafu, ko a ruwa iya ƙirji hatsari ne. A sayi wadda aka ɗinka don iyo, mai wando da riga da hula.

A kewayen Sisili, ƙananan tsibiran sun fi uwar. Ustica, baƙin dutsen aman wuta a arewa da Palermo, an kare ruwanta tun 1986, cikin na farko a Italiya, har manyan kifaye masu kauri da ake farauta a wasu wurare suna zuwa kusa da mutum. Amma kusan babu rairayi, ba wurin yara ba ne. Favignana tana da Cala Rossa, tsohuwar mahaƙar dutse da ruwa mai haske, ita ma sai da takalmi. A kan Sisili kanta, San Vito Lo Capo tana da dogon rairayi, ga gandun Zingaro a kusa da lungunansa na tsakuwa da ake kaiwa da ƙafa.

Sai Lampedusa. Za ka ga Spiaggia dei Conigli a saman jerin gaɓoɓin duniya, kuma ba ƙarya aka yi ba: farin rairayi, ruwa marar zurfi, kunkurun teku yana zuwa ya yi ƙwai, shiga kuma da rajista ne kashi-kashi. Tsibirin ya fi kusa da Tunisiya, kilomita 113, a kan Sisili mai nisan 205. Mu dai sunan nan ba a tallar yawon buɗe ido muka fara jin sa ba. Nan ne jiragen 'yan ci-rani daga Libiya da Tunisiya suke nufa, da yawansu ta Agadas suka bi, kuma kusa da wannan gaɓar ce jirgi ya nutse ranar 3 ga Oktoba 2013, mutum 368 suka rasu. Ba na hana kowa zuwa, mutanen garin da baƙi suke ci. Ni dai ban iya kwanciya a wurin da sakakkiyar zuciya ba.

Malta tana da sauƙi biyu gare ku: ana jin Turanci ko'ina, kuma komai kusa yake. Blue Lagoon da take tsakanin Comino da ɗan tsibirin Cominotto ita kowa yake nema. Rairayin kwanciya a wurin ɗan mitsitsi ne, jirage da kiɗa sun yi yawa, tun 2025 ma sai da rajista ake sauka. A je da sassafe a yi awa biyu a bar musu. Gozo, mintoci 25 a jirgin fito daga Ċirkewwa, ita ce ta masu leƙe: Mġarr ix-Xini, siririn lungu tsakanin duwatsu biyu da iskar arewa maso yamma ba ta cika samu ba, da Ħondoq, da Xlendi. Dwejra, inda bakan dutsen nan Azure Window ya rushe ranar 8 ga Maris 2017, ta ƙwararru ce, kuma sai ranar da teku ya kwanta. Don kwanciya akwai Ramla mai jan rairayi, a Malta kanta kuma Mellieħa.

Girka tsibiranta sun fi a ƙirga a nan, kuma shahararrun ne suka fi yaudara. Navagio ta Zakintos, mai tsatsattsen jirgin da ya maƙale a 1980, an hana sauka a kanta saboda faɗowar duwatsu. Myrtos ta Kefaloniya daga sama take da kyau, a ƙasa ruwa yana zurfi nan take, ga igiya. Sarakiniko ta Milos, mai fararen duwatsu, arewa take kallo, meltemi tana tashi an gama. Waɗanda zan amince wa yara su ne Agios Georgios a Naksos da Elafonissi a kudu maso yammacin Kirit, inda ruwa yake iya idon sawu zuwa gwiwa, rairayin kuma yana da ratsin hoda daga niƙaƙƙen kwanson ƙananan halittu. Ita ma iska takan dame ta. A Agusta dai ba zan kai marar iyo tekun Ejiyan ba.

Yanzu Saifurus, da dalilin da ya sa na ba ta Oktoba. Teku yana jinkirin ɗumi yana jinkirin hucewa. A watan Mayu, ko da rana tana zafi, ruwan galibin tsibiran nan wajen digiri 18 ko 19 ne, yaro ba zai daɗe ba. Ya fi ɗumi a ƙarshen Agusta da Satumba. A ƙarshen Oktoba yammacin Bahar Rum ya fara sanyi da hadari, otal da yawa a Minorka da Sardiniya suna shirin rufewa, amma ruwan Saifurus yana nan wajen digiri 24 zuwa 25. Gaɓar Protaras gabas take kallo, ta ba iskar yamma baya. Fig Tree Bay tana da lallausan rairayi, masu ceto, da ɗan tsibirin dutse a gabanta inda kifi yake taruwa. Konnos Bay, a bakin gandun Cape Greco, ita ce a ganina ta fi cika sharuɗɗan nan uku naka a wuri guda: lungu ne a kare, rairayi a tsakiya, duwatsu a gefe, itatuwa a kan gangare. Green Bay kuwa nan makarantun nutso suke kai sababbin shiga, kuma a wannan yanki akan ci karo da koren kunkurun teku yana kiwo. In kun gan shi, a bar masa hanya, ba a taɓawa. Kusa da Ayia Napa akwai MUSAN, gidan kallo na ƙarƙashin ruwa da aka buɗe a 2021, sassaƙe 93 na Jason deCaires Taylor a zurfin mita 8 zuwa 10, ana hango su daga sama. Nissi Beach tana da kyau amma ta matasa masu kiɗa da giya ce. Gefen Pafos a yamma yana da igiya da jan ruwa a wurare da dama, ku tsaya inda akwai masu ceto.

Ƙari biyu a kan Saifurus. Dab da filin jirgin Larnaka, a bakin tafkin gishiri, akwai masallacin Hala Sultan, inda ake danganta kabarin sahabiya Ummu Haram bint Milhan, Allah ya yarda da ita, wadda ta rasu a yaƙin Ƙubrus, wato Saifurus ɗin nan, zamanin Sayyidina Usman. Ziyarar awa guda ce. Sannan tsibirin a rabe yake tun 1974. In kana da ƙane da yake karatu a arewa, cikin ɗaliban Najeriya masu yawa a can, zai yabe maka Alagadi da Golden Beach ta Karpaz, kuma gaskiyarsa. Amma hukumomin kudu ba sa ɗaukar filin jirgin arewa a matsayin halastacciyar ƙofar shiga, saboda haka ka sauka Larnaka ko Pafos. In fasfon Najeriya ko Nijar ne da ku, zama a Ingila ba ya ɗauke muku biza: Sifaniya, Italiya, Faransa, Malta da Girka duka Shengen ne, wato biza ɗaya ake shiga su da ita, Saifurus kuwa ta daɗe da nata tsarin daban, a duba shafin ofishin jakadancinta kafin a sayi tikiti.

Jarba ta Tunisiya ma tsibirin Bahar Rum ce. Abinci halal, kiran salla, dogon rairayi a Sidi Mahrez, farashi mai sauƙi. Don iyo da shan rana ta wadatar, don leƙen kifi ba ta da abin nunawa.

Kan kayan aiki, tabarau shi ne komai. A shago ka ɗora shi a fuska ba tare da ɗaura igiyar ba, ka ja numfashi kaɗan ta hanci; in ya manne bai faɗo ba, naka ne. In kana da gashin baki ruwa zai riƙa sulalowa ta ƙarƙashin hanci, ka rage shi ko ka shafa ɗan basilin. Sabon gilashi a goge cikinsa da man goge haƙori sau ɗaya, kullum kuma kafin shiga a tofa yawu a murza a ɗauraye, ba zai yi hazo ba. Yara su fara gwada numfashi ta bututu a ruwa iya ƙugu, suna tsaye, har sai sun daina ɗago kai a firgice. Ban yarda da masu arhar nan da suke rufe fuska duka ba, musamman ga yara. Uwargida ta sa rigar ceto ta gaske, ta riƙe hannunka, ta kwanta a ruwa iya ƙirji. Za ta ga kifin da kai ma za ka gani. Katifar roba da balan-balan na iyo kuwa, in iska tana busowa daga tudu zuwa teku, a bar su a ɗaki. Su ne suke fita da yara cikin ƙiftawar ido. Takalmin roba ga kowa saboda bushiya. Kada a wuce layin ƙwallaye masu ruwan ɗorawa, bayansa hanyar jirage ce. Tuta kore a shiga, ruwan ɗorawa a yi hattara, ja ba a shiga ko da wasu sun shiga. Lambar gaggawa a duk ƙasashen Tarayyar Turai 112 ce.

Masu harbi uku ne za ku iya haɗuwa da su. Akwai medusa, haka za ka ga an rubuta a alluna a Italiya da Sifaniya, halitta mai laushi mai launin shunayya da iska take koro wa gaɓa. In ta taɓa mutum a wanke da ruwan teku, a kankare ragowar zaren da gefen kati, kada a zuba ruwan famfo kada a murza, suna ƙara zafin. Akwai wani ɗan kifi da yake binne kansa cikin rairayi a ruwa marar zurfi, 'yan Italiya suna ce masa tracina; wanda ya taka ƙayarsa a tsoma ƙafar cikin ruwan zafi iya jurewa wajen rabin awa, zafi yana karya dafin. A Saifurus da kudancin Girka kuma akwai baƙin da suka shigo daga Bahar Maliya ta mashigin Suwez: kifi mai ratsin ja da fari da dogayen ƙayoyi a baje, yana tsayawa a gindin dutse ba ya gudu. Kallo kawai. In numfashi ya ɗauke wa wanda aka harba ko fuska ta kumbura, asibiti kai tsaye.

Batun shan rana, mu da muka taso muna neman inuwa mukan ɗauka baƙar fata ba ta ƙonewa. Tana ƙonewa, jinkiri kawai take yi, kuma mai leƙen kifi ne ya fi shan wuya, don ruwa yana sanyaya shi bai san ƙeyarsa da bayansa da sha-raɓarsa suna gasuwa ba. Riga mai dogon hannu ta iyo ta fi kowane man kare fata daga rana, sauran jiki a shafa mai lamba 30 ko sama, a sake bayan an fito. A Agusta daga sha ɗaya zuwa huɗu a nemi inuwa. Hantsi da bayan la'asar sun isa. A Italiya yawancin gaɓar kusa da gari ta haya ce, kujera da lema da kuɗi, sai ka nemi allon spiaggia libera in kana son shimfiɗa taka kyauta. Abinci kuwa kifi ya wadata ko'ina, amma a Minorka da Mayorka ka kula da ensaïmada, naɗaɗɗen burodin nan mai sukari da ake sayarwa a kowane shago: da kitsen alade ake yin sa. In Oktoba kuka zaɓa, ka tuna ana mayar da agogo baya ranar Lahadin ƙarshe ta watan, daga nan rana tana faɗuwa a Saifurus wajen ƙarfe biyar, sai ku riƙa fita bakin ruwa tun ƙarfe tara.